Yaron da ke buga kansa da bango: yadda ake gano dalili da yadda ake rage abin a gida

A ce bayan la'asar ne a wani gida cikin birnin Katsina. Uwa ta sirka ruwa a bokiti, ta ce wa ɗanta mai shekara 7, wanda ba ya magana, "Taso mu je wanka." Yaron ya dubi bokitin, ya matsa jikin bango, ya gwara goshinsa sau uku. Kakarsa ta ɗaga labule ta ce, "Don Allah ki ƙyale shi kada ya fasa kai. Wankan dole ne?" Uwar ta mayar da soso da sabulu, yaro ya koma yana juya murfin kwano abinsa. Duk abin bai kai minti biyu ba, kuma babu wanda za a ga laifinsa, amma yaron ya ɗauki darasi: goshi uku a bango na korar wanka. Gobe in aka daure har uku ba a ƙyale shi ba, zai yi shida. In shida ta yi aiki, to shida ce sabon farashi.

Masu galahanga, wato otizim, da masu raunin fahimta tun daga ƙuruciya, da yawansu suna ji wa kansu rauni: buga kai da bango ko ƙasa, cizon hannu har ya yi kanta, marin fuska, tsone ido, tsige gashi, ɓantare ciwo duk lokacin da ya fara kamewa. Wani bincike da aka fitar a Amurka a 2016 a kan yara 'yan shekara 8 masu galahanga ya samu kusan kashi 28 cikin 100 suna yin haka. Abin ya fi yawa ga wanda ba ya magana, da wanda raunin fahimtarsa ya yi tsanani. Ruwa ba ya tsami banza. Duk halin da ya daɗe ana maimaita shi, akwai abin da yake samar wa mai shi, kuma aikin gyara ya ta'allaƙa ne ga gano wannan abin, sannan a koya wa yaron hanyar samunsa da ba ta zubar da jini.

A fara da duba jiki

Yaro mai baki zai ce "kunnena". Wanda ba shi da baki sai ya daki kunnen. Wurin da yake duka yakan nuna hanya. Mai dukan gefen kai, a duba ko kunnen na ruwa, ko ya cusa ƙwayar wake ko tsakuwa a ciki. Mai marin kunci, a haska bakinsa da tocilan a nemi ruɓaɓɓen haƙori ko kumburin dasashi. Mai cusa hannu cikin baki, ko wanda abin ke taso masa bayan cin abinci ko da zarar ya kwanta, a yi tunanin ƙwannafi. Taurin bayan gida shi aka fi mantawa, alhali yaron da ba ya cin komai sai biredi da shayi ko taliya zalla ba ya rabuwa da shi. A nan yankinmu a ƙara da zazzaɓin cizon sauro, ciwon ƙashi na masu sikila, ƙazuwa, ƙurajen zafi daga Maris zuwa Mayu, da tsagewar leɓe da kaushi a hunturu. Budurwa kuma a lura ko abin na bin kwanakin al'adarta. Farfaɗiya na yawan haɗuwa da galahanga, haka ma rashin barci.

Idan abin ya taso kwatsam cikin kwana biyu ko uku, ko yana tashinsa daga barci, ko yana yi a ko'ina komai aka ba shi bai daina ba, zargin ciwo ya yi ƙarfi. A kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Turai na mata da yara, ko asibitin gwamnati da ke Daura, a roƙi a duba kunne, haƙori, ciki da ido ɗaya bayan ɗaya. A tafi da bidiyon minti ɗaya a waya, domin gaban likita yaro kan zauna lafiya lau kamar ba shi ba. Maganar ido kada a yi mata sakaci: yawan dukan kai da fuska na iya ɓamɓare tantanin gani da ke bayan ido, kuma yaron ba zai faɗa ba, sai dai a ga ya fara cin karo da kaya.

Amai bayan buga kai, barci mai nauyin da ba a saba gani ba, suma, jijjiga, tangaɗi, jini ko ruwa daga kunne ko hanci: waɗannan ba sa jiran gobe. Cizon da ya huda fata a wanke da sabulu da ruwa mai yawa, in ya kumbura ko ya tara mugunya a kai asibiti, don bakin mutum cike yake da ƙwayoyin cuta.

Littafin lura, mako biyu

A samu littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a raba kowane shafi gida biyar da rula: lokaci da wuri, abin da ya faru daf da lamarin, abin da yaron ya yi da sau nawa, abin da mutane suka yi, da yadda ya ƙare. A saman shafin kowace rana a rubuta awa nawa ya yi barci, ko ya yi bayan gida, abin da ya ci, da maganin da ya sha.

Abin da ido ya gani za a rubuta. "Ya yi fushi" ko "abin nasa ya tashi" ba su da amfani. Mai amfani shi ne: "Ƙarfe 5 na yamma, tsakar gida. Yayarsa ta karɓe waya. Ya ciji bayan hannun dama sau 4. Ta mayar masa. Ya daina nan take." Mutanen gida su yarda a kan abin da ake ƙirgawa, misali duk sanda goshi ya taɓa bango da ƙara ɗaya ke nan, in ba haka ba lissafin uwa da na uba ba za su haɗu ba. Ɗan carbin nan da ake saƙalawa a yatsa ana dannawa ya fi komai sauƙin ƙirga. In abin ya yi yawan da ba a iya bin sa duk yini, a zaɓi minti 10 sau uku, bayan karin kumallo, bayan azahar da bayan magariba, a riƙa ƙirgawa a waɗannan lokutan kullum. A waɗannan makonni biyu kada a sauya komai a yadda ake tafiyar da shi, ban da kare shi daga rauni. Ana so a san inda aka tashi ne.

Me halin ke samar masa?

A 1982 wani mai bincike, Brian Iwata, da abokan aikinsa a Amurka suka fitar da hanyar gwada dalilin wannan hali, a 1994 kuma suka kawo sakamakon mutum 152. Kusan kashi 38 cikin 100 suna yi ne don su kuɓuta daga aiki ko wani abin da ke takura musu. Kusan kashi 26 don a kula su ko a ba su wani abu, kamar abinci ko abin wasa. Wasu kusan kashi 26 kuma don abin da jikinsu ke ji a cikin yin, ba ruwansu da kowa. Ragowar dalilansu a haɗe suke ko ba su fito sarari ba. Gwajin nasu na ƙwararru ne, domin da gangan ake shirya yanayin da zai taso da halin, saboda haka ba a yin sa a gida. Littafin lura ne ma'aunin gida.

A karanta shi da waɗannan tambayoyi. Yana farawa ne in an ce ya yi wani abu, ko an kunna janareta ko injin markaɗe, ya daina da zarar an janye? Kuɓuta ce. Yana yi ne in uwa ta ɗauki jariri, ko tana waya, ko an yi baƙi, yana yi yana kallon ta? Kulawa yake nema. In an hana shi waya, alewa ko fita waje? Wani abu yake so. Yana yi ko shi kaɗai ne a ɗaki, a natse, ba kuka ba fushi? Jiki ne ke biyan kansa. Yaro ɗaya na iya buga kai don gudun wanka, ya kuma ciji hannu in zaman kaɗaici ya ishe shi. Kowanne nasa maganin daban.

Kuskure a nan shi ke jawo baya ta haihu. Mai gudun aiki in aka ce "tafi ɗaki ka zauna" da sunan horo, an ba shi abin da yake nema. Mai neman kulawa, tsawa da salati da rarrashi duk riba ce a wurinsa. Wanda jikinsa ke biyan kansa, ko an kau da kai bai san ana yi ba. Mai ciwon haƙori kuwa in aka share shi, an zalunce shi.

Koya masa hanyar roƙo

Wannan ita ce ƙashin bayan aikin. Masu bincike Edward Carr da Mark Durand suka bayyana ta a 1985, kuma har yau tana cikin hanyoyin da bincike ya fi goyon baya. Sharuɗɗanta uku: sabuwar hanyar ta fi tsohuwar sauƙi, ta fi ta saurin biya, kuma ta biya kowane lokaci. In buga kai na kawo hutu cikin daƙiƙa biyu, miƙa katin roƙo kuma sai an jira uwa ta gama kwashe tuwo, bango zai koma.

In yana da 'yan kalmomi, a zaɓi ɗaya tak: "hutu", "zo", "ba ni". Kada a nemi "don Allah Mama ina son in huta", ladabi zai zo daga baya. In ba ya magana, a yi kati: a yanko kwalin sukari girman tafin hannu, a manna hoton ainihin abin da yake nema, a naɗe da salatif gaba da baya saboda miyau da ruwa. A yi kamar biyar, don za su ɓace. Wanda bai gane hoto ba a ba shi abu a hannu, kofi ya tsaya a madadin ruwa, ƙaramin matashi a madadin hutu.

Ga yadda ake yi wa mai gudun aiki. Mutum biyu ake so, ɗaya a gaba, ɗaya a baya wanda ba ya cewa uffan. A zaɓi lokacin da yaron ya ƙoshi kuma ya huta. Na gaba ya ba da ƙaramin umarni, misali "ɗauko takalmi". Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, tun kai bai nufi bango ba, na baya ya kama hannun yaron ya ɗauki katin ya miƙa wa na gaba. Na gaba ya ce "Hutu, to huta," ya janye aikin nan take na daƙiƙa 30 zuwa minti 1. A maimaita sau 10, wato zaman minti 5 zuwa 10, sau uku a rana. Sai na baya ya fara zare jiki: daga kama hannu zuwa wuyan hannu, zuwa gwiwar hannu, zuwa taɓa kafaɗa, zuwa nuni kawai, zuwa jira na daƙiƙa 3 zuwa 5. Ana wucewa mataki na gaba in ya yi daidai sau 8 cikin 10 a zama uku a jere.

Kurakurai biyu ke kashe aikin. Na farko, a jira sai ya buga kai sannan a miƙo kati. Abin da zai koya shi ne bango, sai kati, sai hutu, an ƙara wa sarƙar zobe ke nan. In ya riga ku ya buga, a tare shi, a jira daƙiƙa 5 hannunsa da kansa su natsu, sannan a taimaka masa ya miƙa katin. Na biyu, yawan tambayar "ina katinka?" Yaro kan saba da jiran tambayar, ranar da ba a yi ta ba ba zai ɗauka ba.

Mako ɗaya ko biyu na farko a biya duk roƙon da ya yi, ko sau 40 ne a yini. Za a ce kun sangarta shi. A daure. Sai katin ya zauna daram kuma raunin ya ragu ƙwarai ake fara ja: aiki ɗaya tukuna sannan hutu, sai biyu, sai uku, sai biyar. Ga mai neman kulawa ko waya, a yi amfani da ƙyalle kore da ja a rataye inda yake gani. Kore na nufin roƙo na biya, ja na nufin a jira. A fara da kore daƙiƙa 45, ja daƙiƙa 15, a riƙa tsawaita jan zuwa daƙiƙa 30, minti 1, minti 2, har 4 ko 5, a ba shi abin riƙewa lokacin jiran. Ba a ƙara mataki sai an yi kwana biyu ko uku lafiya, in abin ya dawo a koma baya taki ɗaya. Gaggawa a nan ita ta fi rusa aikin da aka yi wata guda ana ginawa.

Shi kansa aikin da yake gudu a bincike shi. A maganar wanka, wataƙila ruwan ne da sanyi, ko soso ke kartar sa, ko sabulu ke shiga ido, ko kwarara ruwa ta ka ke firgita shi. A fara da goge hannu da ƙafa da jiƙaƙƙen tsumma, gobe a ƙara baya, kai ya zo ƙarshe. A ba shi kofin ya zuba da kansa. A riƙa ƙirga ɗaya zuwa goma a bayyane don ya san abin na da iyaka. A sanar da shi minti 5 kafin lokaci, a nuna masa hoto biyu a jere: wanka tukuna, sannan fura. Kafin umarni mai wuya a jero biyu ko uku masu sauƙi da ya saba bi, tafa hannu, taɓa hanci, a yaba, sannan a kawo mai wuyar. Aski da yanke farce ma haka ake bi da su.

Ƙosar da shi tun bai nema ba

Mai neman kulawa a yi masa lissafi daga littafin. In yana cizon hannu sau 12 a awa, kusan duk minti 5 ke nan. A saita ƙararrawar waya duk minti 3, in ta buga a je a shafa kansa, a yi masa magana ta daƙiƙa 10, a koma aiki. In ƙararrawar ta zo daidai yana cizo, a jira daƙiƙa 10 bayan ya saki. Duk bayan kwana biyu ko uku na sauƙi a ƙara minti 1 ko 2. Da wahala, gaskiya, ga macen da ke girki da raino, shi ya sa ake raba lokutan tsakanin yayye da sauran manyan gida. In ya yi cizon, ba tafiya za a yi a bar shi ba. A tare da hannu ko matashi, fuska ba yabo ba fallasa, ba tsawa, ba haɗa ido, ba dogon bayani.

In jiki ne ke biyan kansa

Wannan ya fi wuya, domin ladan ba a hannun kowa yake ba. Dabarar ita ce a nemo abin da zai yi gogayya da shi. A tara abubuwa kamar takwas: abin taunawa na roba mai ƙarfi da ba ya gutsurewa, kwanon yashi ko gero, ruwa a roba, lilo, bargo mai nauyi, rediyo, tocilan, ƙwallo mai laushi. A ba shi kowanne shi kaɗai na minti 5, a ƙirga raunin, a maimaita sau uku a ranaku daban. Biyu ko ukun da lissafi ya fi sauka da su, su za a riƙa ajiye masa a lokutan da littafi ya nuna abin ya fi yawa, ana juya su don kada ya gundura. Abin da ya yi kama da abin da yake ji yakan fi aiki: mai cizo abin taunawa, mai jijjiga kai lilo, mai tsone ido abin haske. Ƙananan abubuwa da zai iya haɗiyewa ba a barin sa da su shi kaɗai. Yaron da ke wuni a ɗaki babu abin yi, da wuya a raba shi da wannan hali ko da wace dabara.

Zai iya ƙaruwa kafin ya ragu

Ranar da bango ya daina biya, yaro kan ƙara ƙarfi da yawa na 'yan kwanaki, kamar mai danna makunnin fitila da ya ƙi kamawa. In aka daure har ya kai matuƙa sannan aka sallama, an koya masa cewa mai tsananin ne ke aiki, an bar shi a halin da ya fi na da muni. Saboda haka a auna tun farko. In buga kan mai ƙarfi ne, ko yana nufar ido, ko babu isassun hannaye a gida, kada a ɗauki hanyar hana shi gaba ɗaya ba tare da ƙwararre ba. A tsaya ga sa kati ya fi riba: kati na kawo hutun minti 2 da abin wasa, bango kuwa hutun daƙiƙa 10 ba komai. In kuma an san yau ba za a iya jurewa ba, gara a amsa masa tun yana ƙunƙuni da ture hannu, da a amsa bayan jini ya fito.

Gidajenmu na da yawan hannaye, wannan alheri ne kuma nan matsalar take. In mutum biyar suna bin tsari, na shida yana miƙa biskit duk sanda aka ji ƙarar bango, halin ba zai mutu ba, don abin da ke biya wani lokaci ya fi wuyar bari a kan mai biya kullum. A zauna da kowa, har mai aiki da almajirin gida. Suruka ba ta iya ba uwar miji umarni, saboda haka maigida ya ɗauki wannan: "Hajiya, in ya nufi bango a bar mana shi. Amma in ya kawo miki katin, ke za ki dama masa fura." Kakar da aka ba aiki ta fi wadda aka ce ta yi shiru haɗin kai. Kada a fara tsari a makon Sallah da hawan sarki da ƙarar bindigogi, ko lokacin biki ko suna, ko farkon azumi da lokutan barci da ci suka juye.

Kariya, da abin da ba a yi

In ya fara, a sa matashi ko tafin hannu tsakanin kansa da bango, a kawar da ƙannensa, mutum ɗaya kawai ya yi magana, ita ma kaɗan. Kusurwar da ya saba zuwa a jingina mata tsohuwar katifa. A yanke farce duk mako, mai cizon dantse a sa masa riga mai dogon hannu mai kauri. Hular kwano ta 'yan acaɓa ba ta dace ba, ta yi nauyi ga wuyan yaro, ga zafin Katsina. Akwai masu laushi da aka yi don haka, su ma da shawarar likita, a kuma tsara lokutan cirewa, don wasu yaran kan koma cizo in an rufe kai, wasu kuma su ƙi rabuwa da hular.

Ba a kifa shi rub da ciki a danne, ba a zama a bayansa ko ƙirjinsa, don numfashi na iya ɗaukewa. Ba a ɗaure shi da igiya ko ɗankwali, ba a sa masa mari. Mutanen Daura da Katsina ba su manta da Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wasu gidajen mari aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Bulala, shafa barkono a hannu da turara hayaƙi kan tsayar da abin na ɗan lokaci, shi ya sa mai yi ke ganin kamar suna aiki, amma ba su koya wa yaron yadda zai ce "na gaji" ba, sun dai ƙara masa abin gudu. Addu'a da tofi ba su ci karo da komai a wannan tsari ba. Duk mai maganin da ya ce a doke shi, a ɗaure shi, ko a daina ba shi maganin farfaɗiya, a bar wurinsa.

Magani

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da risferidon, wanda aka sani da Risperdal, a 2006, da arififirazol, wato Abilify, a 2009, don rage tsananin harzuƙa, kai duka da ji wa kai rauni ga yara masu galahanga. Suna iya sassauta abin har a samu sararin koyarwa, amma suna kawo yawan ci da ƙiba, barci, dalalar miyau, rawar jiki ko ƙagewar tsoka, risferidon kuma kan kumbura nono har ga namiji. Likitan ƙwaƙwalwa ko na yara ne ke rubuta su, ana auna nauyin yaro duk wata, ba a kuma yanke su rana ɗaya. In ana buƙatar ƙarin ƙwararru akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da na Dawanau a Kano. Maganin barci daga kyamis ba ya cikin lissafi. Kada a fara sabon magani da sabon tsari a mako ɗaya, don ba za a san wanne ya yi aiki ba.

Yadda za a san ana ci gaba

A ci gaba da ƙirga a lokutan nan uku na bayan karin kumallo, azahar da magariba, a rubuta jimillar kowace rana a bayan littafin. Mako ake kwatantawa da mako, don rana ɗaya mai muni ba ta nuna komai. A duba ƙarfin dukan ma: 20 marasa ƙarfi sun fi 5 masu fasa goshi. In an yi mako uku zuwa huɗu ana bin tsari sosai babu sauyi, a sake duba abu uku bi da bi: ko akwai ciwon da ya ɓuya, ko an karanta dalilin ba daidai ba, ko wani a gida na biya a ɓoye.

Abin da ya koya wurin uwa a tsakar gida ba ya bin sa makaranta da kansa. Kowane sabon mutum da sabon wuri sai an yi masa zama biyu ko uku na koyarwa daga farko. A rubuta wa malamin makaranta ko na Islamiyya takarda shafi ɗaya: alamun da ke zuwa kafin ya fara, katin da yake amfani da shi, abin da za a yi in ya miƙa, abin da za a yi in ya buga kai, da lambar wayar uwa ko uba. Abin kan ɗan dawo in an sauya malami, an yi tafiya, an yi haihuwa a gida ko ya tashi daga zazzaɓi. A koma matakin da ake biyan kowane roƙo na kwana biyu ko uku, sannan a sake ja a hankali. Kati ɗaya ya zauna a jakar uwa, ɗaya a aljihun uba, ɗaya a jakar makaranta, wanda ya yage kuma a sake shi a ranar.